Faifan Kleiber na simfoni ta huɗu ta Brahms: ya cancanci yabon da ake yi masa?

Tambaya: Wani abokin aikina ya turo mini simfoni ta huɗu ta Brahms, wadda Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Biyana, ya ce ba a taɓa ɗaukar wadda ta kama ƙafarta ba. Na saurare ta a waya, na ji daɗin farkon, daga nan na ɓace. Yabon nan gaskiya ne? Kuma tunda kiɗan a rubuce yake, kowa abu ɗaya yake kaɗawa, ta yaya wani faifai zai fi wani?

Amsa: Malam, abokin naka bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya ɗan zarce. Faifan da ya turo maka, wanda kamfanin Deutsche Grammophon ya ɗauka a watan Maris na 1980 a babban zauren Musikverein da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, ya kuma shiga kasuwa a 1981, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da masu sauraron irin wannan kiɗa ba su cika jayayya a kansu ba. Ni ma ina cikin masu ɗaukaka shi. Amma babi huɗun da ke cikinsa ba su kai matsayi ɗaya ba, sautin ɗaukar kuma yana da aibin da zan gaya maka. A babi na huɗu ne ya yi wa sauran fintinkau, ina kuma kyautata zaton a can ne ka fi ɓacewa, don haka a can zan fi daɗewa.

Simfoni dai dogon kiɗa ne da babbar ƙungiyar makaɗa take kaɗawa, a rabe sashe-sashe, kowane sashe shi nake kira babi. Bari in fara da rabin tambayarka na biyu, shi ya fi sauƙi. Gaskiya ne kowane mai goge da kowane mai busa yana da takardarsa a gabansa. Amma takardar ba ta faɗi komai da komai ba. A saman babi na farko Brahms ya rubuta da Italiyanci cewa a tafi da sauri amma kada saurin ya yi yawa. To nawa ne yawa? Bai sa lamba ba, domin bai yarda da na'urar ƙirga bugu ba. Inda ya ce a yi ƙarfi, ga mutum 70 ko 80 a kan dandamali, wa zai fi fitowa, masu ƙaho ko masu goge? Ina za a ja numfashi, ina za a zarce? Duk wannan hukuncin madugu ne, mutumin nan da yake tsaye da ɗan siririn sanda ya ba jama'a baya. Shi ya sa babin ƙarshe na wannan simfoni yake ƙarewa cikin minti 9 da 'yan daƙiƙu a hannun Kleiber, a hannun wasu kuma ya haura minti 11, alhali babu wanda ya ƙara ko ya rage sauti guda.

Sanin inda aikin ya fito yana taimaka wa kunne. An haifi Johannes Brahms a Hamburg a 1833, ya yi yawancin aikinsa a Biyana, a can kuma ya rasu a 1897. Zamaninsa shi ake kira zamanin Romantik, lokacin da makaɗan Turai suka faɗaɗa ƙungiyoyinsu suka sa abin da ke cikin zuciya a gaba. Liszt da Wagner, manyan masu tsara kiɗa na zamanin, da magoya bayansu suna ganin simfoni irin ta da ta ƙare tun daga kan Beethoven, gwanin simfoni da ya gabace su, abin da ya rage shi ne kiɗa mai ba da labari da wasan kwaikwayo na waƙa. Brahms bai yarda ba. Amma tsoron a gwada shi da Beethoven ya hana shi sakat, sai da ya kai shekara 43 sannan ya fitar da simfoninsa ta farko a 1876, bayan ya shafe kusan shekara 20 yana juya ta. Daga nan hanya ta buɗe: ta biyu a 1877, ta uku a 1883, ta huɗu kuma ya rubuta ta a hutun lokacin zafi na 1884 da na 1885, a wani ƙaramin gari na cikin duwatsun Ostiriya mai suna Mürzzuschlag. Shi da kansa ya gargaɗi abokinsa, madugu Hans von Bülow, a wasiƙa, cewa aikin ya ɗauko ɗanɗanon yanayin garin, inda 'ya'yan ceri ba sa nuna su yi zaƙi.

Saboda haka kada ka zargi kunnenka, waɗanda suka fara jin ta ma sun ɓace. Kafin a kai ta gaban jama'a, Brahms da Ignaz Brüll sun kaɗa wa wasu amintattunsa ita a kan piyano biyu. Da aka gama babi na farko ɗakin ya yi tsit, can sai Eduard Hanslick, babban mai sharhin kiɗa na Biyana kuma masoyin Brahms, ya ce ya ji tamkar wasu haziƙai biyu ne suka yi ta jibgarsa. Max Kalbeck, wanda daga baya ya rubuta tarihin rayuwar Brahms, ya ba shi shawarar ya jefar da babi na uku, ya ware na huɗu ya zama aiki mai zaman kansa. Brahms bai taɓa komai ba. Ranar 25 ga Oktoba 1885 ya jagorance ta da kansa a Meiningen a Jamus, da makaɗan fadar garin waɗanda ba su kai mutum 50 ba, aka karɓe ta hannu bibbiyu. Biyana ce ta ja ƙafa. Sai ranar 7 ga Maris 1897, da makaɗan Filharmonik, babbar ƙungiyar kiɗa ta Biyana, suka kaɗa ta a ƙarƙashin Hans Richter, Brahms yana zaune a bene ciwo ya riga ya cinye shi, jama'a suka yi ta tafi bayan kowane babi. Bai cika wata guda ba bayan wannan ya rasu. Wannan ƙungiyar ce, a wannan zauren, kake ji a faifan Kleiber, bayan shekara 83.

Shi kuwa Kleiber an haife shi a Barlin a 1930. Mahaifinsa Erich Kleiber babban madugu ne da ya ajiye muƙaminsa ya bar Jamus saboda mulkin Nazi, ya kai iyalinsa Ajantina. Uban bai so ɗan ya gaji sana'ar ba, aka tura shi Zurich karatun kimiyyar sinadarai, ya bari ya koma kiɗa. Mutum ne mai wuyar sha'ani: ba ya hira da 'yan jarida, yana neman kwanakin gwaji fiye da yadda aka saba, in abu bai yi masa ba kuma sai ya tattara ya tafi. Simfonin da ya yarda ya shiga ɗakin ɗauka dominsu guda 5 ne kacal: ta biyar da ta bakwai na Beethoven, ta uku da ta takwas na Schubert, sai wannan. Ya rasu a 2004, sannan a 2011 mujallar kiɗa ta BBC ta tambayi madugai 100 wa suka fi girmamawa, shi ya zo na ɗaya. Na kawo wannan ne don ka san sunan mutumin yana da kwarjini, ƙarancin faifansa kuma ya ƙara masa, har wasu suna yabon faifan tun kafin su saurara. Mu ajiye sunan gefe mu ji abin da ke ciki.

Kasa kunne ga daƙiƙa 30 na farko. Babu share fage. Masu goge ne suke shigowa da sauti bibbiyu, biyu su sauka, ɗan shiru, biyu su hau, ɗan shiru, masu busa suna bin su a baya-baya, celo kuma, wato babban goge mai kaurin murya, yana turo sautuka daga ƙasa. Kusan dukan babin daga wannan ɗan abin ya tsiro. Madugai da yawa suna jan sautin farko don su nuna baƙin ciki tun daga bakin ƙofa. Madugu Wilhelm Furtwängler, a faifansa na Barlin na 1948, yana riƙe shi har sai ka ƙagu ya saki. Kleiber yana shiga a hankali, amma ƙafarsa tana kan hanya tun daga bugun farko, kuma shirun da ke tsakanin sautukan ba ya yanke zaren, layi ɗaya dogo kake ji. Abin da ya sa nake fifita faifan ke nan: akwai bugu a ƙarƙashin kiɗan da ba ya sakin mai sauraro, ko an sassauta ko an ƙara wuta yana nan, kuma saboda shi kowane sashe yana tura ka cikin na gaba.

Wajen minti na 4 za ka ji farkon ya dawo daidai yadda yake, ka ɗauka maimaitawa za a yi, sai kiɗan ya karkata ya bi wata hanya. Brahms ne ya shirya wannan da gangan. Dawowar ta gaskiya tana can bayan minti na 7, kuma a ɓoye take zuwa: masu busa suna faɗin sautukan farkon nan a miƙe, a hankali ƙwarai, goge suna motsi can ƙasa-ƙasa, sai kawai waƙar ta ci gaba daga tsakiyarta kafin ka ankara. A nan makaɗan Biyana suna sauke murya har sai ka matsa kusa, amma ba sa tsayawa. A ƙarshen babin kuma waƙar nan mai laushi ta rikiɗe, dukan ƙungiyar tana faɗinta da iyakar ƙarfi, na ƙasa suna gaba na sama suna bin su, har tambari ya rufe da bugu huɗu. Furtwängler yana isa nan a guje. Kleiber ɗan ƙari kaɗan yake yi, kuma a kunnena nasa ya fi nauyi, domin ka ji dukan hanyar da aka biyo kafin a iso.

Babi na biyu ne nake da magana a kai. Ƙaho ne yake buɗe shi da wata tsohuwar murya irin ta waƙoƙin coci na da, kuma ƙahon da ake busawa a Biyana ƙirarsa daban take da ta sauran ƙungiyoyi, sautinsa ya fi kauri da zagaye, haka ma obo ɗinsu, wato ɗan'uwan algaita na Turawa. Daga nan kilarinet, shi ma abin busa ne, ya karɓa, masu goge suna tsinkar tsirkiya da yatsa. Duk wannan ya fito da kyau. Amma akwai wata waƙa da celo yake fara rerawa, wadda take dawowa can gaba a hannun dukan masu goge, da kauri da ɗumi. Wannan ne wuri guda a cikin simfonin da Brahms ya bar zuciya ta huta, ni kuma ina jin Kleiber bai bar ta ta huta sosai ba. Idonsa yana gaba. Bruno Walter a faifansa na 1959 da Carlo Maria Giulini a na Chicago na 1969 sun fi shi zama a wannan wuri, kuma in babi na biyu kaɗai ake magana, su zan miƙa maka.

Na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Minti 6 ne na murna mai ƙarfi, shi kaɗai ne babin da ake buga ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku, za ka ji shi yana ƙara a saman kowa. A hannun wasu babin yana yin nauyi, ya zama hayaniya. Kleiber yana sa shi ya yi tsalle, bugun tambarin a bushe, kowane tsayawa a kan lokaci. Ban san wanda ya fi shi a nan ba.

Yanzu babi na huɗu. Abin da ya sa mutane suke ɓacewa a cikinsa shi ne suna jiran waƙa doguwa irin ta farkon simfonin, ita kuwa ba ta zuwa. Ga yadda aka gina shi. Da buɗewa masu busa suna faɗin sauti 8 masu nauyi, suna hawa ɗaya bayan ɗaya, sannan su faɗo inda suka taso. A nan ne turombon guda uku, wato dogayen ƙahonin ƙarfe masu kaurin murya, waɗanda suka zauna shiru tun farkon simfonin fiye da rabin sa'a, suke buɗe baki karo na farko, shi ya sa launin sautin yake canzawa nan take. Waɗannan sautuka Brahms ya aro su ne daga ƙarshen kantata, wato waƙar coci, mai lamba 150 ta Bach, wani mai tsara kiɗa na Jamus da ya gabace shi da fiye da shekara ɗari, ya ƙara musu sauti ɗaya na kansa, wanda yake sa hawan ya yi ɗaci dab da ƙololuwa. Daga nan sai ya maimaita su sau 30 a jere, kowane zagaye tsawonsa gaɓa 8, wato gaɓar bugu ɗaya ga kowane sauti, kowanne da sabuwar riga, sannan ya ɗora rufewa. Tsohon salo ne na zamanin Bach da ake kira pasakaliya, kuma sa shi a ƙarshen simfoni a 1885 abu ne da ya ba mutane mamaki.

Kunnen Bahaushe ya riga ya san wannan gini. Ka tuna yadda 'yan amshi suke riƙe baiti ɗaya ba sa canza shi, mawaƙi yana ta zuba sababbin ɗiyan waƙa a kai, kuma daɗin yana cikin yadda sabon yake hawa kan tsohon. Sautukan nan 8 su ne amshin. Bambancin kawai shi ne a nan amshin yana yawo, wani lokaci yana sama, wani lokaci yana can ƙasa wurin manyan goge, wani lokaci an ɓoye shi a cikin waƙar kanta. In ka sake saurare, ƙirga takwas-takwas da yatsa a zagaye biyar ko shida na farko. Da zarar ka kama shi ba zai ƙara kuɓuce maka ba.

Haɗarin wannan babi ga madugu shi ne ya kakkarye ya zama guntaye 30, kowanne da saurinsa. Nan ne bugun Kleiber yake biyan kuɗinsa. Zagayen farko-farko suna taruwa, kowanne ya fi na baya cika, masu goge su shigo a zagaye na huɗu da wata waƙa mai faɗi a kan tsirkiyarsu mafi kauri, wuta ta yi ta ƙaruwa, sannan ta fara lafawa. Kusa da minti na 3 sai kowa ya ja baya a bar sarewa ita kaɗai, wannan shi ne zagaye na 12. Saurari yadda take tafiya: sauti biyu ko uku, ta tsaya, ta ƙara hawa kaɗan, ta tsaya, goge da ƙaho suna taɓa mata ƙasa a hankali, har ta kai ƙololuwa ta gangaro. Amshin yana nan a cikin waƙar sarewar, an baza shi ne kawai. Brahms bai rubuta a rage gudu a nan ba, abin da ya yi shi ne ya ninka tsawon kowace gaɓa, don haka kiɗan yana yin sanyi da kansa. Madugai da yawa suna ƙara nasu jinkirin a kai, har sarewar ta zama wata waƙa daban da aka liƙa a tsakiya. Kleiber yana ba mai sarewa sarari ya numfasa, amma bai bar zaren ya faɗi ba, kana jin ana ci gaba da ƙirga takwas ɗin nan a ƙasa.

Bayan sarewa murya tana washewa, kilarinet da obo suna miƙa wa juna magana, sannan a zagaye na 14 turombon su dawo, wannan karon a hankali, da sautuka masu natsuwa irin na addu'a. Zagaye uku kaɗai wannan haske yake ɗauka. A na 16 sautuka 8 na farko suna faɗowa da ƙarfi yadda suka zo tun asali, goge su biyo su da gangara mai kaifi, kuma daga nan babu sauran sassauci. Saboda Kleiber bai yi barci a tsakiya ba, wannan dawowa ba ta zo a matsayin sabon farawa ba, ka ji dama can tana tafe. Dab da ƙarshe za ka ji sautuka suna sauka a jere irin saukar da aka buɗe simfonin da ita, sannan gudu ya ƙaru a rufe. Simfoni ta biyar ta Beethoven da ta farko ta Brahms duka sun fara cikin duhu sun ƙare cikin nasara. Wannan ta ƙare cikin duhun da ta fara, kuma Kleiber bai yi ƙoƙarin lallashin kowa ba, bai ja sautin ƙarshe ba, ya sare shi ya tsaya.

Sai aibin sauti. An ɗauki faifan a farkon zamanin ɗaukar dijital, kuma ana jin haka: in masu goge suka hau sama da ƙarfi sautin yana yin tauri, ƙasan kuma bai cika kauri yadda zauren Musikverein yake bayarwa ba. Fitowar da kamfanin ya sake gyarawa a 1998 cikin jerinsa na The Originals ta rage wannan, ita za ka nema. Amma babbar matsalarka lasifikar waya ce. Ba ta iya fitar da manyan goge na ƙasa, su kuwa su ne suke ɗauke da amshin a zagaye da yawa na babi na huɗu, wato ka saurari babin ne an cire masa ginshiƙi. Haka kuma tazarar da ke tsakanin wuri mafi sanyi da mafi ƙarfi a irin wannan kiɗa tana da faɗi, in akwai ƙarar janareta ko fanka wuraren sanyin ɓacewa suke yi. Nemi abin sawa a kunne mai ɗan kyau, da dare, ka daidaita ƙarar a kan sarewar nan yadda za ka ji ta sarai, ka bar ta a haka. Dukan simfonin ba ta kai minti 40 ba a wannan faifai, amma ba dole ne ka shanye ta a zama ɗaya ba. Fara da babi na huɗu shi kaɗai har sai ka kama ƙirgar, sannan ka koma farko.

In kana so ka gane wa kunnenka amsar tambayarka ta biyu, saurari babin ƙarshen nan a hannun mutum biyu bayan Kleiber. Na farko Furtwängler, ko na 1948 ko wanda aka ɗauka a Barlin a 1943 ana tsakiyar yaƙi. Sautin tsoho ne, akwai tari a cikin jama'a, gudun yana hawa yana sauka yadda ransa ya so, kuma akwai wuraren da yake kai ka inda Kleiber bai kai ba, sai dai ginin yana girgiza a hannunsa. Na biyu Charles Mackerras da ƙaramar ƙungiyar makaɗa ta Sikotilan a 1997, wanda ya rage yawan makaɗa zuwa kusan adadin na Meiningen. A can masu busa suna fitowa fili, za ka ji abubuwan da yawan goge yake rufewa a Biyana, amma nauyin ƙarshen ya ragu.

Akwai kuma bidiyon Kleiber kansa yana jagorantar wannan simfoni a Munik a 1996, da makaɗan jihar Bavariya, shekara 16 bayan faifan. Ya tsufa a lokacin, kuma kaɗawar ba ta kai ta Biyana kaifi ba, don haka ba zan sa shi a madadin faifan ba. Amfaninsa gare ka shi ne kyamara tana nuna wanda yake kaɗawa a kowane wuri, ka ga mai sarewa a zagaye na 12, ka ga masu turombon suna ɗaga kayansu bayan dogon jira. In ka haɗa kowane sauti da kayan da yake fitar da shi sau ɗaya, za ka riƙa rarrabe su da kunne kaɗai idan ka koma kan faifan 1980.